Alƙalan da ke kan takardar zaɓenki: yadda ake auna aikinsu da inda mudun ke yoyo

Wata baiwar Allah da ke zaune a jihar Kolorado ta Amurka ta aiko da tambaya. Ta ce bayan ta samu takardar zama 'yar ƙasa, an aiko mata da takardar zaɓe har gida, sai ta tarar can ƙasa an jera sunayen alƙalai, kowane da tambaya guda: a bar shi a kan kujerarsa, ko a sauke shi? Ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba. Ta kuma ga wani littafi mai shuɗin bango da hukuma ta aiko, inda wani kwamiti ya rubuta cewa kusan dukkansu sun cika sharuɗɗan aiki. Shin ta yarda da kwamitin, ko ta bar wurin ba ta cike ba, ko ta bi shawarar wata maƙwabciyarta da ta ce ta dangwala "a'a" ga kowa?

Hajiya, sannu da ƙoƙari, kuma na ji daɗin da ba ki tsallake wurin ba kamar yadda mutane da yawa ke yi. Shawarata a taƙaice: ki karanta rahoton, amma kada ki tsaya a layin farko da ya ce wane ya cika sharuɗɗa. Shawarar maƙwabciyarki kuwa, ki ajiye ta gefe. Bari in yi miki bayanin dalili, domin sai kin san abin da aka gina wannan tsari don ya magance sannan za ki san nauyin da ya kamata ki ba rahoton.

Alƙalan tarayya a Amurka ba a zaɓensu. Shugaban ƙasa ke naɗa su, majalisar dattawa ta amince, su zauna har mutuwa ko ritaya. Waɗanda kika gani alƙalan jiha ne, kuma su ne ke sauraron mafi yawan shari'un da suka shafi rayuwar talaka: saki, riƙon 'ya'ya, rikicin haya, bashi, laifin tuƙi, sata, har kisan kai. Tun ƙarni na 19 jihohi da yawa suka riƙa zaɓen alƙalansu kamar yadda ake zaɓen kansila, da jam'iyya da kamfe da neman kuɗi. Abin da ya biyo baya ba sai an faɗa wa ɗan Najeriya ba. A jihar Misuri, wani uban gidan siyasa na birnin Kansas mai suna Tom Pendergast ya kai matsayin da yake da ta cewa a kan wanda zai hau kujerar alƙali. A 1940 mutanen jihar suka gyara tsarin mulkinsu, suka kawo abin da har yau ake kira tsarin Misuri. Kwamiti ne ke tantance masu neman kujerar, ya miƙa wa gwamna sunaye uku, gwamna ya ɗauki ɗaya, bayan ɗan lokaci kuma a kawo sunansa gaban jama'a ba tare da abokin takara ba, ba tare da alamar jam'iyya ba. Kalifoniya ta riga ta fara irin wannan ƙuri'a ga alƙalan manyan kotunanta tun 1934. Kolorado ta shiga sahu a 1966. Yau kusan jihohi 20 ke yin wannan zaɓe na sabunta wa'adi ta wata siga. A jiharki sabon alƙali yana yin shekara biyu na gwaji kafin sunansa ya fara zuwa gabanki. Idan ya tsallake, na kotun ƙoli ya samu shekara 10, na ɗaukaka ƙara 8, na kotun yanki 6, na ƙaramar kotu 4.

Sai dai an toshe wata ɓaraka an buɗe wata. A zaɓen da ake da 'yan takara biyu, ko ba komai abokin hamayya zai tono miki laifin ɗan'uwansa. A nan babu mai tonowa. Mai zaɓe yana tsaye gaban suna tsirara, bai san ko mutumin kirki ne ko azzalumi ba. Shi ya sa jama'a da dama ke cike saman takarda su bar ƙasan, sauran kuma yawanci su ce "e" kawai. Binciken da aka yi kan dubban irin waɗannan zaɓuɓɓuka daga shekarun 1960 zuwa farkon wannan ƙarni ya nuna waɗanda aka sauke ba su wuce kusan ɗaya cikin ɗari ba, kuma kaso mai tsoka daga cikinsu a jihar Ilinoi ne, inda alƙali ke buƙatar kashi 60 cikin ɗari kafin ya tsira. Don a cike wannan giɓi na rashin sani aka ƙirƙiro auna aikin alƙalai a hukumance. Alaska ce ta fara a 1976. Kolorado ta kafa nata kwamitocin a 1988. Arizona ta wuce kowa, ta sa abin cikin tsarin mulkinta a 1992. Yuta ta kafa hukuma mai zaman kanta don wannan aiki a 2008.

To me ake aunawa? A Kolorado kowane yankin shari'a yana da kwamitinsa na mutum goma, lauyoyi huɗu da mutum shida da ba lauyoyi ba, kuma aikin sa-kai suke yi. Akwai wani kwamitin na jiha da ke duba alƙalan kotun ƙoli da ta ɗaukaka ƙara. Doka ta ba su ma'auni: riƙon gaskiya da amana, sanin doka, iya bayani da baki da rubutu, halin zama a kan kujera, tafiyar da ayyukan kotu, da hidima ga jama'a da sana'ar shari'a. Suna aika takardun tambayoyi ga waɗanda suka tsaya gaban alƙalin, wato lauyoyi, masu ƙara da waɗanda aka yi ƙara, mutanen gari da aka kira su taya kotu yanke hukunci, ma'aikatan kotu, jami'an tsaro da masu kula da waɗanda aka yi wa sakin talala. Wasu 'yan kwamitin sukan je su zauna a kotu su ga yadda ake yi, su karanta hukunce-hukuncen da ya rubuta, su duba alƙaluman shari'un da ke hannunsa, sannan su zauna da shi ido da ido.

Akwai wani abu a Alaska da nake so ƙwarai. A dokar jihar, ba a biyan alƙali albashinsa sai ya rantse a rubuce cewa babu wata magana da ta kai matakin yanke hukunci da ta wuce wata shida a hannunsa. Majalisar shari'ar jihar, wadda ita ke auna aikin alƙalai a can, tana duba ko an taɓa riƙe masa albashi saboda haka, tana duba sau nawa lauyoyi suka nemi a canza musu shi, da yadda hukunce-hukuncensa suka kaya a kotun sama. Waɗannan abubuwa ne da ake ƙirgawa, ba ra'ayin wani ba. Mu ma a gida Najeriya muna da makamancin wannan a sashe na 294 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ce a yanke hukunci cikin kwana 90 bayan kammala jawaban ƙarshe, kuma Majalisar Shari'a ta Ƙasa tana karɓar rahoton yawan hukuncin da alƙalan manyan kotuna suka yanke duk bayan wata uku. Bambancin shi ne namu yana tafiya daga alƙali zuwa manyansa, nasu kuma yana ƙarewa a hannunki.

Abin da ya fi muhimmanci ki gane shi ne abin da ba a aunawa. Kwamitin ba ya tambayar ko hukuncin alƙali ya yi wa jama'a daɗi. Ba ya tambayar ko mai sassauci ne ko mai ra'ayin riƙau. Yana tambayar yadda ya yi aikin: ya saurari kowane ɓangare? Ya karanta takardun kafin ya zauna? Ya bayyana dalilinsa yadda wanda bai yi makarantar lauya ba zai fahimta? Yana daka wa mutane tsawa? Yana ajiye uwa da 'ya'yanta wata da watanni suna jiran a ce ga wanda zai riƙe su? A Yuta har 'yan sa-kai ake horarwa, mutanen gari da ba lauyoyi ba, su shiga kotu ba tare da sanarwa ba su rubuta ko an bar mutane sun faɗi ta bakinsu, ko an girmama su, ko alƙali ya nuna bai karkata ba. Wannan ya samo tushe daga binciken masana irin su Tom Tyler, wanda ya nuna cewa mutum yakan karɓi hukuncin da bai yi masa daɗi ba idan ya gamsu an saurare shi kuma an yi masa adalci a hanya. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari ta umarce shi ya daidaita tsakanin mutane a fuskarsa da majalisarsa da hukuncinsa, don kada mai ƙarfi ya yi kwaɗayin a karkata gare shi, kada mai rauni ya yanke ƙauna daga adalci. Hadisi kuma ya hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi. Idan kika karanta takardar tambayoyin da ake ba waɗanda suka tsaya gaban kotu a Kolorado, za ki ga rabinta kusan wannan take bi.

Yanzu ga inda mudun ke yoyo, domin ba zan ce miki rahoton wahayi ne ba.

Kin lura kusan kowa ya ci jarrabawar, kuma da gaskiyarki idan hakan ya ba ki shakka. Amsar tana da fuska biyu. Alƙalan nan an riga an tace su kafin a naɗa su, saboda haka ba abin mamaki ba ne yawancinsu su iya aiki. Sannan alƙali yana ganin rahotonsa kafin a fitar, kuma wanda ya ga an yi masa mummunan sakamako yakan zaɓi ya ajiye aiki a ƙarshen wa'adinsa maimakon ya sha kunya a bainar jama'a. A wannan hali sunansa ba zai zo kan takardarki ba, ke kuma ba za ki taɓa sanin an yi ba. Wato wani ɓangare na amfanin tsarin yana faruwa ne a inda ba ki gani. Amma ɗaya fuskar ita ce kwamitocin nan suna da nauyin baki. Lauyan da ke cikin kwamiti gobe zai tsaya gaban wannan alƙali ko abokinsa. A ƙaramin gari kowa ya san kowa. Daga zaɓen 2018 ma Kolorado ta daina rubuta "a bar shi" ko "a sauke shi", ta koma "ya cika sharuɗɗa" ko "bai cika ba", wanda ya fi laushi. Saboda haka idan kika ga an ce wani bai cika ba, ki ɗauki abin da gaske, ruwa ba ya tsami banza. Irin wannan alƙali yana da damar rubuta gajeren martani, shi ma ki karanta.

Yoyo na biyu yana cikin takardun tambayoyin kansu. Ba kowa ke mayar da su ba, kuma wanda ya sha kaye a kotu ya fi wanda ya ci nasara zafin cikewa. Idan mutum goma sha biyu ne kawai suka amsa game da wani alƙali, uku masu jin haushi sun isa su ja makinsa ƙasa. Akwai kuma son zuciyar da mai shi ma bai san yana da shi ba. A 2011 wasu masu bincike uku, Rebecca Gill da Sylvia Lazos da Mallory Waters, sun nazarci makin da lauyoyi ke ba alƙalai a yankin Las Vegas na jihar Nebada, suka gano mata da waɗanda ba farar fata ba suna samun maki ƙasa da takwarorinsu, ko bayan an yi la'akari da makarantar da suka yi, da gogewarsu, da yawan hukuncinsu da kotun sama ta rushe. Wannan ya dame ni matuƙa, domin abin da aka ƙirƙira don ya kare alƙali daga son rai zai iya zama ƙofar shigowarsa. Namiji ya yi magana da kakkausar murya a ce yana da kwarjini, mace ta yi irinta a ce ba ta da haƙuri. Idan kika ga alƙaliya ta samu maki mai kyau a sanin doka da saurin aiki, amma lauyoyi sun rage mata a "hali", alhali mutanen gari da suka zauna a kotunta sun yaba mata, ki yi tunani sau biyu kafin ki hukunta ta.

Na uku, kwamitin auna aiki daban yake da hukumar ladabtar da alƙalai, kuma shekaru da yawa abin da ke gaban hukumar ladabtarwa a Kolorado a rufe yake. A zaɓen 2024 mutanen jihar suka amince da gyaran tsarin mulki da ya sa a buɗe shari'ar ladabtarwa ga jama'a da zarar an shigar da tuhuma a hukumance. Don haka yana da kyau ki rubuta sunan alƙalin a intanet ki ga ko jaridun jihar sun taɓa kawo labarinsa.

Sai mu zo kan maƙwabciyarki, da kuma abin da ya fi "a'a ga kowa" haɗari, wato "a'a" saboda hukunci guda. A 1986 mutanen Kalifoniya sun sauke babbar mai shari'a Rose Bird tare da abokan aikinta biyu, Cruz Reynoso da Joseph Grodin, kan batun hukuncin kisa. A 2010 a jihar Ayowa an sauke babbar mai shari'a Marsha Ternus da David Baker da Michael Streit, shekara guda bayan kotunsu ta yanke cewa tsarin mulkin jihar bai yarda a hana auren jinsi ba. Na san yadda da yawa daga cikinmu ke kallon wannan batu, kuma ba ina neman ki canza ra'ayinki a kansa ba ne. Amma ki duba yadda abin ya kasance: alƙalai bakwai ne suka yanke hukuncin baki ɗaya, ukun nan layi ne kawai ya zo kansu a wannan shekara, mafi yawan lauyoyin da ƙungiyarsu ta tambaya sun ce a bar su, kuma saukar da su bai taɓa hukuncin ba ko da wasali guda. Abin da ya canza shi ne saƙon da ya isa ga kowane alƙali da ke kallo.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai na Alaska ne a 2018. Wani mutum ya shaƙe wata mata 'yar asalin yankin har ta suma, ya ci zarafinta, sannan masu gabatar da ƙara suka yi yarjejeniya da shi wadda ta sa bai koma gidan yari ba. Alƙali Michael Corey ya amince da yarjejeniyar. Jama'a suka fusata, kuma fushinsu yana kan hanya, domin an zalunci matar nan. Majalisar shari'ar jihar ta riga ta auna aikinsa ta ce a bar shi, amma aka sauke shi. Har yau ana muhawara ko yana da hurumin ƙin yarjejeniyar. Abin da ba a muhawara a kai shi ne dokar jihar a lokacin tana da giɓin da ya hana a tuhumi abin da mutumin ya yi a matsayin laifin lalata, kuma sai a 2019 majalisar dokoki ta gyara. A ganina an ɗan bar jaki ana dukan taiki, ko da yake dole in yarda cewa hayaniyar da aka yi ita ta tilasta gyaran.

Me ya sa nake tsoron wannan hanya? Domin alƙalai mutane ne, suna jin iskar da ke kaɗawa. Gregory Huber da Sanford Gordon sun bi diddigin shari'u fiye da 22,000 a jihar Fensilbaniya, suka wallafa a 2004 cewa alƙalai suna ƙara tsawon ɗaurin da suke yankewa yayin da zaɓen sabunta wa'adinsu ke matsowa. Ki yi tunanin ɗanki ne, Allah ya kiyaye, ya tsaya gaban kotu wata biyu kafin zaɓe. Mu da muke baƙi, masu wani launi da wani addini da wani lafazi, mu ne muka fi kowa buƙatar alƙalin da ba ya waiwayen taron jama'a kafin ya buɗe baki. Akwai masu cewa ai ƙuri'a haƙƙin mai ita ce, kuma idan kotu ta wuce gona da iri babu laifi jama'a su taka mata birki. Ban raina wannan hujja ba, musamman a kan kotun ƙoli da hukuncinta ke zama doka ga kowa. Amma yawancin sunayen da ke kan takardarki na alƙalan ƙananan kotuna ne masu raba gardamar haya da ciyar da 'ya'ya, kuma wanda aka sauke, gwamna ne zai sake naɗa wani a gurbinsa, wanda ba ki san shi ba ko kaɗan. "A'a ga kowa" tana jefar da na kirki tare da na banza. A 2022 a gundumar Marikofa ta Arizona an sauke alƙalai uku a zaɓe guda, alhali ɗaya ne kawai daga cikinsu hukumar auna aiki ta ce bai cika sharuɗɗa ba. Duk da haka, da aka tambayi mutanen jihar a 2024 ko a daina kawo musu sunayen alƙalai a kai a kai, suka ƙi da gagarumin rinjaye. Mutane suna son wannan ƙuri'a a hannunsu, ni ma ina ganin gara ta zauna, muddin za a yi ta da ido buɗe.

Ga yadda nake yi idan irin wannan rahoto ya zo hannuna. Abin da ke cikin littafi mai shuɗin bango taƙaitawa ce. Cikakken rahoton kowane alƙali yana shafin intanet na ofishin auna aikin alƙalai na jihar, kyauta. Nakan fara duba yadda 'yan kwamitin suka kaɗa ƙuri'a, domin goma ba ko ɗaya daban take da shida da huɗu, ko da dukkansu an rubuta "ya cika sharuɗɗa". Sai in duba mutum nawa suka amsa tambayoyin. Sai in kwatanta makin lauyoyi da na waɗanda ba lauyoyi ba, in kuma kwatanta makinsa da matsakaicin na sauran alƙalai masu irin kotunsa. Daga nan in karanta sakin layi na kusa da ƙarshe a hankali, domin a nan kwamitoci ke ɓoye abin da ke damunsu cikin lafazi mai taushi: an ja hankalinsa kan jinkirin fitar da hukunci, ko kwamiti yana ƙarfafa masa gwiwa ya ƙara haƙuri da waɗanda ba su da lauya. Idan na ga an yi masa irin wannan magana a rahoton baya kuma ta sake dawowa, to a wurina ya ci "a'a", ko da layin farko ya wanke shi. Alƙali goma sha biyar ba zai ɗauke ki fiye da awa ɗaya ba, kuma tunda takardar tana zuwa gida makonni kafin ranar zaɓe, kina da sarari.

Idan akwai wanda kika karanta kika kasa yanke shawara a kansa, barin wurinsa babu komai ba ya ɓata sauran ƙuri'unki. Kotunan nan kuma a buɗe suke ga kowa. Ranar da ba ki da aiki, ki shiga kotun yankinku da safe, ki zauna a benci na baya, ki ga yadda alƙalin ke magana da mutumin da ya zo ba lauya, Turancinsa kuma bai nuna ba.